Sa'ad da Iska Ta Tura Teku Cikin Gari

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka a Tudun Wada, Zariya. Mun buga shi a nan domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman matasa da iyayen masu zuwa ci-rani.

Mun san waɗansunku sun bar hatsi a masussuka suka zo, saboda haka ba za mu tsare ku da yawa ba.

Da muka rubuta a takardar gayyata cewa za a yi magana a kan teku, wani dattijo ya aiko mana da tambaya. Ya ce, "Mu da ko Galma ba mu hayewa sai ta gada, me ya haɗa mu da teku?" Baba yana da gaskiya. Zariya tana kan tudu, fiye da mita 600 bisa fuskar teku, daga nan zuwa Legas kuwa tafiyar fiye da kilomita 800 ce. Ruwan teku ba zai zo Tudun Wada ba. Amma 'ya'yanmu suna zuwa wurinsa. Da an gama girbi motoci sukan cika da samari masu tafiya kudu, waɗansu gadi, waɗansu dako, waɗansu ga-ruwa, waɗansu haƙar yashi, waɗansu jari-bola. A dā sukan komo da saukar ruwan fari. Yanzu da yawansu sukan shekara a can, sai dai su aiko da kuɗin taki. Wanda ba shi da kuɗin haya a Legas kuwa, ina yake kwana? A baca ta katako da leda, a wurin da mai gida bai damu da shi ba, wato bakin ruwa.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana shi ne wani saurayi daga ɗaya cikin ƙauyukanmu da ya shigo ofishinmu, ba shi da kome sai rigar da ke jikinsa. Wata bakwai ya yi yana tara kuɗi a cikin gwangwani ƙarƙashin tabarma. Da tsakar dare ya farka ya ji tabarmar tana yawo da shi. Kafin ya lalubo ƙofa ruwa ya kai masa ƙugu, gwangwani da waya da takalma duk sun tafi. Abin da ya fi damunsa, ya yi ta maimaita mana shi: "Ba a yi ruwan sama ba fa. Taurari ma suna waje." A ganinsa abin ba na banza ba ne, wani ne ya yi masa. Mun zauna da shi mun bayyana masa abin da za mu bayyana muku yanzu.

Mu a nan, ambaliyar da muka sani daga sama take zuwa. Hadari ya haɗo daga gabas, a tafka ruwa, Kubanni ta cika ta shiga gidaje da gonakin fadama. Idan ba a yi ruwa ba, ba mu da fargaba. A bakin teku lissafin dabam yake. Ruwan yana nan tuni, ba ya bukatar ƙari daga sama. Abin da yake bukata kawai shi ne abin da zai tura shi.

Kowa a nan ya taɓa hura koko mai zafi. A zuba shi a faranti mai faɗi, a sa baki a gefe ɗaya a hura. Me ake gani? Kokon yana gudu daga bakin mai hurawa, ya taru a ɗaya gefen, har ya nemi zuba. Gefen da ke kusa da baki kuwa ya rage, wani lokaci har a ga gindin farantin. Haka iska take yi wa teku da manyan tafkuna. Idan ta yi ta hurawa ta fuska ɗaya, da ƙarfi, na sa'o'i masu yawa, takan ja fuskar ruwan ta tara shi a gaɓar da ta nufa. Ruwan ba ya ƙaruwa, karkata yake yi, gefe ɗaya ya hau, gefe ɗaya ya sauka.

Yanzu a zuba kokon nan a kofi mai zurfi a hura. Ba ya taruwa kamar na faranti. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a cikin maganar, mutane kuwa sukan ɗauke shi a juye. Mukan ji tsoron ruwa mai zurfi, mu raina marar zurfi. Amma a wurin da ruwa yake da zurfi, abin da iska ta tura ta sama yakan sami hanya ya komo ta ƙasa. A wurin da ba zurfi, ba shi da hanyar komowa, sai ya hau tudu. Saboda haka wuraren da suka fi hatsari su ne masu faɗi, marasa zurfi, waɗanda ƙasar gefensu take shimfiɗe kamar faifai. Idan iska ta ninka ƙarfinta sau biyu, turawar da take yi wa ruwan takan ninka wajen sau huɗu.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke ƙara wa wannan. Na ɗaya, iskar da ke bisanmu tana da nauyi, tana danne fuskar teku kullum ko da yake ba mu ji. A tsakiyar babbar guguwa nauyin nan yakan ragu, sai ruwan wurin ya ɗan kumbura, amma ko a guguwa mafi muni bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Na biyu shi ne wata. Teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana guda, bisa ga jan da wata da rana suke yi masa. Tsakanin cikowa ɗaya da ta biye akwai kamar sa'a 12 da minti 25. A Legas bambancin kamar mita ɗaya ne, ba shi da yawa. Amma cikowar ta fi girma sau biyu a wata: lokacin da wata ya ɓace ana jiran tsayuwar sabo, da lokacin da ya cika, daren sha huɗu. Idan turawar iska ta gamu da irin wannan cikowa, a nan ne ruwa yake kai wa inda bai saba kaiwa ba. Mu manoma ba sai an koya mana duban wata ba. Wannan sani ne da yaranmu suka tafi da shi daga gida, ba su dai san yana da amfani a can ba.

To, ina batun taurari da saurayin nan ya gani? Ƙasarmu ba ta kan hanyar manyan guguwar teku irin waɗanda muke ji a rediyo suna faɗa wa Amurka ko Indiya. Abin da ya fi dukan gaɓar Legas raƙuman ruwa ne da iska ta tayar can nesa, a kudancin tekun Atilantika, dubban kilomita daga nan. Guguwar ta yi ta gama a can, amma raƙuman suna tafiya kwana da kwanaki har su iso. Sukan zo dogaye, da tazara tsakaninsu, kowanne ya zuba ruwa a gaɓa kafin na gabansa ya gama komawa, sai ruwa ya taru. Sararin sama garau, iska kaɗan, amma teku yana hawa. An fi ganin haka da damina, musamman wajen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da mu a nan hankalinmu yake kan noma, ba wanda yake tunanin yaron da bai komo ba.

Haka ya faru a bakin ruwan Kuramo, a tsibirin Biktoriya, da asubar ranar Asabar 18 ga Agusta 2012. Mutane suna barci a bacocinsu ruwa ya hau ya kwashe su. An ba da labarin mutum 16 ne ruwan ya tafi da su. Ku lura da ranar: ƙarshen watan azumin maƙwabtanmu Musulmi ne, ana jiran ganin jinjirin wata, wato daidai lokacin babbar cikowa. Bayan haka gwamnatin jihar ta rushe bacocin da suka rage. Masu kwana a wurin ba su ɓace ba, gaba suka matsa, zuwa wani bakin ruwan.

Tsofaffin da suka yi zaman Ikko za su tuna da Bar Beach, da yadda teku yakan haye titin Ahmadu Bello ya shiga ofisoshi da gidaje. Wannan yana da dalili, hannun mutum kuma yana ciki. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa domin kada yashi ya toshe hanya. A wannan gaɓa, teku yana ɗaukar yashi daga yamma zuwa gabas. Katangun suka tare shi. Gefen yamma ya yi ta tara yashi, gefen gabas, wato Bar Beach, ya yi ta zaizayewa shekara da shekaru, har ba sauran abin da zai tsaya tsakanin ruwa da titi. Daga wajen 2008 aka fara cike wurin da yashi, aka gina babbar katangar duwatsu da sabuwar unguwar masu hali da ake kira Eko Atlantic. Titin ya huta. Amma mazauna ƙauyukan da ke gabas da wurin, irin su Okun Alfa, suna kuka cewa ruwan gare su ya koma. Can gaba kuma a jihar Ondo akwai garin Ayetoro, wanda wata ƙungiyar masu bi ta kafa a 1947. Mazaunansa sun ce teku ya riga ya cinye fiye da rabin garin, da gidaje da makarantu. A Gana ma, cikin Nuwamba 2021, ruwa ya hau da dare a yankin Keta ya raba dubban mutane da gidajensu. Ga shi kuma tekun kansa ya ƙaru da kamar santimita 20 tun daga 1900, yana kan ƙaruwa. Taƙi ɗaya ke nan, kamar ba kome ba, amma kowace turawar iska a kan wannan taƙin take hawa.

A nan muna so mu faɗa wa masu haƙar yashi gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Mun san da kuɗin yashin ake sayen taki, ake biyan kuɗin makaranta. Amma tudun yashin da ke bakin teku shi ne katangar mutanen da ke bayansa. Haka kuma itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, da ake sarewa a yi itacen wuta da na ƙyafe kifi. Wanda ya kwashe yashi da rana ya kwana a bayan ramin da dare, ya san abin da ya yi wa kansa.

Yanzu sai kashi na biyu na maganar, wanda ya fi yaudarar mutane. Iyayenmu mata sun fi mu saninsa. Mace ta ɗauko ruwa a daro daga rafi, ta ɗan yi tuntuɓe. Ta tsaya cik, amma ruwan bai tsaya ba. Ya tafi gaba, ya komo baya, ya sake tafiya, yana lilo, sau da yawa ma ba a tuntuɓen yake zuba ba, sai a komowa. Shi ya sa akan sa ganye a kai. Tafki da lungun teku daro ne babba. Sa'ad da iska ta tara ruwa a gefe ɗaya, sa'an nan ta tsaya ko ta juya, ruwan ba ya komawa ya kwanta salin-alin. Yakan wuce wurinsa ya hau ɗaya gefen, ya sake komowa, ya yi ta lilo har ƙarfinsa ya ƙare. A daro lilo ɗaya bai kai daƙiƙa biyu ba. A tafkin Janeba, a ƙasar Suwizalan, inda wani masani mai suna Forel ya yi shekaru yana auna abin a ƙarni na 19, lilo ɗaya yakan ɗauki minti 73. A tafkin Eri, tsakanin Amurka da Kanada, kamar sa'a 14. Tsawon Eri ya kusa kilomita 400, ba shi da zurfi sosai, kuma ya miƙe daidai hanyar iska. A babbar guguwa ruwan da ke birnin Bafalo a gabas yakan fi na Toledo a yamma tsayi da fiye da mita 4. Cikin Oktoba 1844 iska ta yi kwanaki tana tura ruwa nesa da Bafalo, sai ta juya farat ɗaya, ruwan ya komo da dare ya haye katanga, mutum 78 suka mutu. A tekun Adiriyatik lilon yakan ɗauki kusan kwana guda, shi ya sa idan ruwa ya shiga birnin Benis na Italiya, kamar yadda ya yi a 1966 da 2019, mutanen garin sukan zauna da shirin komowarsa a kwanakin da ke biye.

Abin da za a riƙe a nan biyu ne. Tsayawar iska ba ita ce wucewar hatsari ba. Janyewar ruwa kuma ba alheri ba ce. Idan ruwa ya ja da baya fiye da yadda ya saba, kifi yana tsalle a taɓo, jirage suna zaune a ƙasa, to, wani wuri aka tara shi, yana nan tafe. A 2017, da kuma 2022, guguwa ta kwashe ruwan lungun Tampa a Amurka, mutane suka shiga suna yawo a gindin teku suna ɗaukar hoto, hukuma tana roƙonsu su fito. Ɗanmu da ya tashi a gefen fadama, ya saba da kamun kifi in ruwa ya janye da kaka, shi ne zai fara shiga da kwando.

Mun san tunanin waɗansunku ya riga ya tafi Littafin Fitowa sura 14, da iskar gabas da ta yi ta hurawa dukan dare. Ba wa'azi muka zo yi ba, wannan aikin limamai ne. Za mu dai faɗi cewa a 1882 wani hafsan sojan Ingila mai suna Tulloch yana aiki a gefen tafkin Manzala a ƙasar Masar, iskar gabas mai ƙarfi ta taso. Da gari ya waye ya tarar ruwan ya ja baya kamar mil 7, masunta suna tafiya a ƙasa cikin taɓo a tsakanin jiragensu. Tafkin mai faɗi ne, marar zurfi, wato faranti.

Labarin da ya fi taɓa mu cikin dukan abin da muka karanta, na manoma ne 'yan'uwanmu. A jihar Fulorida ta Amurka akwai tafki mai suna Okicobi, mai faɗi ƙwarai, amma zurfinsa a yawancin wurare bai kai mita 3 ba. Ƙasar kudancinsa baƙa ce mai albarka, ana noman kayan lambu da rake. An kewaye wannan gefen da 'yar ganuwar ƙasa wadda ba ta fi tsayin mutum ba. A daren 16 ga Satumba 1928 guguwa ta bi ta kan tafkin. Iska ta fara hurawa daga arewa, ta tara ruwan a kudu, ganuwar ta fashe, ruwa ya malale gonaki da bukkoki cikin duhu. Da tsakiyar guguwar ta wuce, iska ta juya, ruwan ya koma ya haye gefen arewa. Aƙalla mutum 2,500 suka mutu. Yawancinsu baƙaƙen fata ne 'yan ƙodago, waɗanda suka zo daga nesa neman aikin gona, wato 'yan ci-rani. Ba wanda ya rubuta sunayensu da suka zo, saboda haka ba wanda ya iya cewa ga adadin da suka ɓace. A garin West Palm Beach an binne 674 a rami ɗaya, aka yi shekaru da yawa ba ko alama a wurin. Iyayensu a gida sun yi ta jira.

Wannan tafkin ya sa mu tuna da namu. Tafkin Chadi faranti ne na gaske. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kamar murabba'in kilomita 25,000, ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, amma ko a lokacin cikarsa ba mai zurfi ba ne, ƙasar gefensa kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Hausawa masunta da masu noman bakin ruwa sun daɗe suna zuwa Baga da Doron Baga da tsibiran ciki, ko da yake tashin hankalin shekarun nan ya kori da yawa. A irin wannan wuri, ruwa ya hau taƙi ɗaya ya isa ya ci fili mai yawa. Wanda ya kafa bukka ko ya shanya kifi daf da ruwa a gefen da iskar hunturu take nufa, wato kudu maso yamma, ya tambayi 'yan gari tukuna. A tafkin Kainji kuma, wanda ya samu bayan gama madatsar a 1968, abin tsoro shi ne iskar da take riga hadari isowa, a farkon damina da ƙarshenta. Cikin 'yan mintoci ruwa mai kwance yakan tashi, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, ga jirgi an cika shi da mutane da buhuna da babura ranar kasuwa. Idan gabas ta yi baƙi da la'asar, a kwana a gaɓa. Kwana ɗaya ne.

Madatsun ruwan da ke kusa da mu, ta Galma da ta Kubanni a Samaru, ƙanana ne, iska ba ta da filin da za ta tara ruwa mai yawa. Ba za mu tsorata ku a kansu ba, sai dai a hana yara wanka da shiga kwalekwale in hadari ya taso.

Wani abu kuma da zai ba Baba mai tambaya mamaki. Hadarin nan da yake taso mana daga gabas da damina, ya zuba ruwa a Soba da Zariya da Giwa ya wuce yamma, ba a nan yake ƙarewa ba. Yana cikin jerin tashin iska da suke ratsa Afirka ta Yamma duk bayan 'yan kwanaki, su fita teku ta wajen Senegal. Waɗansu kaɗan daga cikinsu, in sun sami ruwan teku mai ɗumi, sukan girma su zama manyan guguwar da suke faɗa wa Amurka da tsibiran Karebiyan. Masana sun ce yawancin mafiya ƙarfi daga nan suke tasowa. Ashe mun haɗa wani abu da teku.

Waɗansu sukan ce ai ruwa ne, mutum ya iya iyo. Durom biyar na ruwa nauyinsu tan ɗaya ne, daidai da manyan buhunan masara 10. Ruwan da guguwar Katrina ta tura gaɓar Misisipi a 2005 ya wuce mita 8 a waɗansu wurare, ya fi bene mai hawa biyu. Ba sai ya kai haka ba. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kā da ƙato, yana kuma ɗauke da katako da kwanon rufi da ƙusoshi. Iyo a Galma bai shirya kowa domin wannan ba.

Ana iya tsira? Ƙasar Bangaladash ta nuna ana iyawa. Ƙasa ce ta talakawa manoman shinkafa, shimfiɗaɗɗiya, a ƙarshen lungun teku marar zurfi. A Nuwamba 1970 guguwa ta tura teku cikin ƙauyuka, aƙalla mutum 300,000 suka mutu. A 1991 kamar 138,000. A 2007 wata mai ƙarfi ta zo, waɗanda suka mutu ba su kai 5,000 ba. Iskar ba ta yi sauƙi ba. An gina dogayen gine-gine a kan ginshiƙai, waɗanda suke makarantu a sauran kwanaki, an kuma horar da dubban masu aikin sa kai daga cikin ƙauyukan, maza da mata, masu yawo a keke da lasifika suna bi gida gida. Saƙon rediyo kaɗai bai isa ba, sai da maƙwabci ya buga ƙofa ya kira mutum da sunansa.

To, ga abin da muke roƙo ku faɗa wa kowane yaro kafin ya hau mota. Da ya sauka, ya tambayi tsofaffin mazauna wurin, masunta musamman, har ina ruwa ya taɓa kaiwa. Ya dubi bangaye, gishiri yakan bar alama. Ya kwana sama da alamar, ko da wurin ya fi nisa da aiki. Ya san hanyar da zai bi zuwa tudu cikin duhu, ya taka ta da rana. Daga Yuli zuwa Satumba, a kwanakin ɓacewar wata da na cikarsa, in ya ji ƙarar teku ta sake, ko ya ga masunta suna jan jiragensu can sama, ya kwana a wani wuri. Hukumar duba yanayi ta ƙasa, NiMet, da hukumomin jihar Legas sukan ba da gargaɗi a rediyo, a saurara. Lambar neman agaji 112 ce, a Legas akwai 767 kuma. Kada a tara kuɗi a gwangwani. A aiko da su gida a kai a kai, ko a sa a asusu, katin shaida kuma a ƙulle shi a leda a jiki. In ruwa ya shigo, a fita da rai kawai, kada a koma ɗaukar kaya don an ga ya janye, sai an kwana an ga cikowa biyu sun wuce lafiya.

Bayan ruwan ya tafi ma da saura. Yakan shiga rijiyoyi da shaddodi ya gauraya su. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin amai da gudawa, amma ba ta fid da gishiri, ƙara shi ma take yi. Rijiyar da ruwan teku ya shiga sai an kwashe ta, a bar ta ta sake kawowa, wani lokaci sau da yawa. Kafin nan a nemi ruwan sha a wani wuri.

Aikin da ya rage namu ne, mu na gida. Mun sha karɓar iyaye mata a ofis suna neman ɗa, mu tambaya yana ina, a ce, "Yana Legas, wajen bakin ruwa." Legas tana da mutane fiye da miliyan goma, bakin ruwa kuma ko'ina ne. Saboda haka mun buga takarda mai layi biyar: sunan mai tafiya, unguwar da zai sauka, aikin da zai yi, sunan wanda zai sauka a wurinsa, da lambar waya biyu, tasa da ta wani na kusa da shi. Muna roƙon kowace ikilisiya ta sa mutum ɗaya, ko magatakarda ko shugaban matasa, ya riƙe littafin, ya sabunta shi lokacin Kirsimeti sa'ad da yawancinsu suke gida. A rubuta har da 'ya'yan maƙwabta waɗanda ba na ikilisiya ba, in iyayensu sun yarda, gama mota ɗaya suke shiga, baca ɗaya suke kwana. Wanda ya riƙe littafin shi zai buga wa na bakin ruwa waya in an ji gargaɗi.

Takardun suna kan tebur a bakin ƙofa, kowane wakili ya ɗauki goma, wanda ƙauyensa yake da masu tafiya da yawa ya ƙara. Mun kawo daro da faranti a nan gaba, duk mai so ya zo ya hura ya gani da idonsa, domin ya iya nuna wa mutanensa. Bayan abinci za mu koma kan maganar ajiyar hatsi da maganin ƙwari.